Damin Furen Amaryar Kaka: Lokaci Ne Ke Fara Zaɓe

A ƙasashe irin su Ingila da Faransa da Amurka, amarya kan riƙe damin furanni a hannu ranar aurenta, kuma wannan al'ada ta iso wuraren dinar biki a Kano da Kaduna da Abuja. Amare da yawa kan fara da hoton da suka gani a Instagram, su miƙa wa mai haɗa furanni su ce irin wannan suke so, ba tare da sun tambayi watan da aka ɗauki hoton ba. Ga wadda bikinta ya faɗo cikin kakar waɗancan ƙasashe, daga Satumba zuwa Nuwamba, wannan gini ne da aka fara daga rufi. Abin da ya dace shi ne ta fara sanin furen da lokacin ke bayarwa, sannan ta dubi kayan da za ta sa, hoto ya zo daga ƙarshe.

Dalili na farko yana cikin halittar tsirran kansu. A 1920 wasu masana biyu na ma'aikatar gona ta Amurka, Garner da Allard, suka nuna cewa tsawon yini ne ke sa tsirrai da dama su fara fure. Kirsantimam, furen da asalinsa daga Sin yake, ba ya buɗewa sai dare ya yi tsawo, shi ya sa kaka ce ganiyarsa. Daliya, wadda ta fito daga Meksiko, tana yin fure daga tsakiyar rani har zuwa daren da sanyi ya fara daskarar da raɓa, daga nan ganyenta ya yi baƙi ya zube. Fiyoni kuwa, babban furen da ya cika hotunan amare, a Mayu da Yuni yake yi a Turai. Wadda ta dage sai shi a watan Nuwamba, daga Chile ko New Zealand za a ɗauko mata a jirgi, ta biya kuɗin tafiyar, kuma babu tabbacin zai buɗe ranar da ake so. Furen da aka yanko a lokacinsa ya fi araha, ya fi ƙarfin kara, ya fi jure wunin biki.

Launi ma haka yake. Idan yini ya gajarta, koren sinadarin ganyen bishiya yakan rushe, sai ruwan ɗorawa da ruwan goro da ke ɓoye a ƙarƙashinsa su bayyana, wasu bishiyoyin kuma su ƙera jan launi sabo. Cikin wannan yanayi za a ɗauki hoton amarya, don haka damin da ke da ruwan goro da ruwan zuma da makuba yakan zauna daidai da abin da ke bayanta. Sai dai ba a tara launuka masu duhu zalla. A ƙarshen Oktoba rana kan faɗi a Landan kafin ƙarfe biyar na yamma, kuma furen da ya yi ja mai duhu yakan koma baƙi a hoto idan haske ya ragu. Maganinsa shi ne a ɗauki launi ɗaya ya yi rinjaye, a ƙara na biyu mai haske kamar ruwan madara ya buɗe shi, sannan a ɗiga kaɗan daga kishiyarsa: shuɗi a gefen ruwan goro, ko shunayya a gefen ruwan ɗorawa. Farar rigar da ta bazu bayan auren Sarauniya Biktoriya a 1840 tana karɓar kowane launi. Leshi ko shadda mai aiki da yawa kuwa dami mai sauƙi take so, kuma amaryar da ta sha lalle ta tuna cewa hannun da ke riƙe da furen yana da nasa launin.

Wani zai ce zamani ya wuce wannan magana, tunda kasuwar furanni ta Aalsmeer a ƙasar Holan tana ci duk shekara, gonakin da ke gefen tafkin Naivasha a Kenya suna turo furen wardi kowane wata, Kolombiya da Ekwado kuma suna cika Amurka ta filin jirgin Miami. Gaskiya ne, kuma ba kowane furen da ya hau jirgi ne abin zargi ba. Wani bincike na Jami'ar Cranfield a 2007 ya gano cewa wardin Kenya, duk da tafiyar jirgi, ya fi wanda aka noma a rumfar gilashi mai ɗumi a Holan ƙarancin hayaƙi mai ɗumama duniya. Amma wannan ya shafi furannin da ke jure tafiya ne. Daliya ba ta jurewa: ganyen furenta yana da saurin rauni, kwanakinta cikin ruwa kaɗan ne, kuma idan aka yanke ta tana toho ba ta ƙarasa buɗewa. Mafi kyawun furen kaka a gonar kusa ake samunsa. Wardi yana iya shiga damin a matsayin mataimaki ba tare da ya kori furen kaka ba.

Wani kuma zai ce ranar amarya ce, ta zaɓi abin da ranta yake so. Babu mai hana ta, kuma kaka ba ta tilasta ruwan goro, domin akwai daliya fara da mai ruwan hoda. Sai dai so ba ya goge ma'anar da mutane suka ɗora wa fure. A Faransa da Italiya kirsantimam furen kabari ne, ana kai shi maƙabarta a farkon Nuwamba, alhali a Japan shi ne tambarin gidan sarauta. Wadda za ta yi biki a Faris ta san wannan kafin ta riƙe shi a gaban surukanta.

Ka'idar ba ta tsaya a Turai ba. Oktoba da Nuwamba a ƙasar Hausa lokacin girbi ne, ana samun zangarniyar gero da dawa, da jan ƙoƙon zoɓorodo, da furen alayyafo, waɗanda iskar hunturu ba ta saurin yanƙwanar da su kamar furen da aka shigo da shi daga waje. Don haka, amarya da uwar biki, kafin ku nuna wa mai haɗa furanni hoto, ku faɗa masa ranar bikin, ku ba shi ƙyallen kayan da za a sa, ku tambaye shi furen da zai kasance a gona a makon.