Adenobirus: yadda masana ke gane dangin ƙwayar cuta ta hanyar DNA

Yaro na mura da zazzaɓi, wani na zawo, babansu kuma ido ya yi ja yana ruwa. Ciwo uku ne, amma sau da yawa masu haddasa su ƴan gida ɗaya ne, ƙwayoyin da ake kira adenobirus, waɗanda aka fara ganowa a Amurka a 1953.

Da farko da jini ake bambanta su: a haɗa ƙwayar da ruwan jinin dabbar da aka taɓa sa wa ita, a ga ko zai kashe ta. Aikin na cin makonni, kuma da shi aka ƙirga iri 51. Daga iri na 52, wanda aka bayyana a 2007, sai aka koma karanta DNA, wato rubutun gadon ƙwayar, mai haruffa kusan 36,000. Yau an san fiye da iri 100, cikin zuri'a bakwai, daga A zuwa G.

Karatun ya tona wani asiri. Idan iri biyu suka shiga jikin mutum lokaci guda, sukan yi musayar gutsattsarin gado, a samu sabon iri. Iri na 53, mai ciwon ido, haka ya samu: ya ɗebo daga na 22, da na 8, da na 37. Gwajin jini ɓangaren rigar ƙwayar kawai yake gani, don haka sai ya ɗauke shi a matsayin na 22, wanda ba a san shi da tayar da annobar ido ba.

Amfanin sanin iri a fili yake. Na 40 da 41 zawon yara suke sawa, na 3, 4 da 7 huhu suke kamawa. Idan DNA na marasa lafiya goma a asibiti ɗaya ya zo daidai, likita ya san daga wuri guda cutar ta fito, wataƙila hannu ko kayan duba ido.

Mu ma abin ya shafe mu. Allurar korona ta Johnson & Johnson da aka yi a Nijar an gina ta ne kan iri na 26 da aka hana shi hayayyafa. An kauce wa na 5 saboda yawancin mutanen Afirka ta kudu da Sahara sun riga sun gamu da shi, jikinsu na iya tare allurar kafin ta yi aiki.