Ulli Beier: Takardun malamin da manyan Najeriya suka yi ta kai ruwa rana a kansu

A Osogbo, babban birnin jihar Osun da ke kudu maso yammacin Najeriya, akwai wata cibiyar raya al'adun baƙar fata da ke aiki da hukumar UNESCO. A nan ne aka adana littattafai da rubuce-rubuce da hotuna da faya-fayen da Ulli Beier ya tara, Bajamushen da ya yi malanta da aikin edita da fassara, ya kuma rasu a birnin Sidni na Ostareliya ranar 3 ga Afrilun 2011.

An haifi Beier a 1922 a wani ƙauyen Jamus da a yau ke cikin ƙasar Folan. Danginsa Yahudawa ne, suka yi hijira zuwa Falasɗinu bayan ƴan Nazi sun hau mulki. A 1950 ya sauka kwalejin jami'a ta Ibadan domin koyar da furucin Ingilishi. Bai daɗe ba ya koma sashen ilimin manya, ya shiga zagaya garuruwan Yarbawa yana zama da sarakuna da makaɗa da masu kirari.

Abin da ya sauya masa alƙibla shi ne taron marubuta da masu fasaha baƙar fata da mujallar Présence Africaine ta shirya a birnin Paris a 1956. A wancan zamani, marubucin Dakar da na Ibadan ba sa karanta juna, domin Faransanci da Ingilishi sun raba su. A 1957 Beier da Janheinz Jahn suka kafa mujallar Black Orpheus, wadda ta riƙa buga waƙoƙin Léopold Sédar Senghor da Aimé Césaire cikin Ingilishi, kafaɗa da kafaɗa da aikin matasan marubutan Najeriya da Gana.

A 1961 ya haɗu da su Wole Soyinka da Christopher Okigbo da J. P. Clark da Ezekiel Mphahlele suka buɗe kulob ɗin Mbari a Ibadan, wanda ya zama gidan buga littattafai. Shi ya fitar da littafin waƙoƙin Okigbo na farko a 1962, da kuma ayyukan Alex La Guma da Dennis Brutus, waɗanda gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta toshe wa baki. A ɓangaren fassara, Beier ya yi aiki da Bakare Gbadamosi wajen mayar da waƙoƙin baka na Yarbawa zuwa Ingilishi, ya kuma fassara wasannin kwaikwayon Duro Ladipo.

Sai dai tarihinsa na da wuraren da ake taƙaddama a kai, kuma dalili ke nan da ya sa masu bincike ke kwaɗayin takardun. Beier ya yi rubutu da sunayen aro na Yarbawa, irin su Obotunde Ijimere da Sangodare Akanji, har wasu masu karatu suka ɗauka ɗan ƙasa ne ya rubuta wasan The Imprisonment of Obatala. Haka kuma kuɗin da ya tallafi Mbari ya fito ne daga ƙungiyar Congress for Cultural Freedom, wadda a tsakanin 1966 da 1967 aka bankaɗo cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ce ke zuba mata kuɗi. Littafin da ya fito kasuwa ba ya nuna inda hannun marubuci ya tsaya da inda na edita ya fara. Wasiƙu da daftarin farko mai gyare-gyare su ne ke nuna wa ya ce me, wa ya goge me, wa ya biya.

Bayan Najeriya, Beier da matarsa Georgina sun koma Papua New Guinea, inda ya kafa mujallar Kovave. A 1981 ya buɗe gidan fasaha na Iwalewahaus a jami'ar Bayreuth ta Jamus, wanda har yau ke riƙe da zane-zane masu yawa da ma'auratan suka tara. Wato dai gadon nasa ya rabu tsakanin nahiyoyi.

Ko kason da ya dawo Afirka bai zauna lafiya ba. A 2008 Soyinka ya fito fili ya ƙi amincewa da shirin ajiye kayan a ɗakin karatu na tsohon shugaba Olusegun Obasanjo da ke Abeokuta. Daga baya aka kai su Osogbo, aka buɗe cibiyar a 2009. Can ma rigima ta sake tashi kan shugabancin hukumar gudanarwa tsakanin tsohon gwamna Olagunsoye Oyinlola da gwamnatin da ta gaje shi, wadda ta naɗa Soyinka. A 2015 Soyinka ya ajiye muƙamin.

Hausawa na cewa idan giwaye na faɗa, ciyawa ke shan wahala. A nan ciyawar ita ce takarda da fim da kaset, waɗanda damshi da gara da zafi ba sa jiran a gama shari'a. Ita ce kuma ɗalibin da ke son sanin yadda adabin Afirka na zamani ya tsiro, wanda bizar Jamus ke yi wa wuya amma motar haya za ta iya kai shi Osogbo. Dawo da kayan tarihi gida rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a jera su, a ɗauki hotonsu a kwamfuta, a biya ma'aikatan da za su kula da su, a kuma buɗe ƙofa ga duk mai son karantawa.