Wai Nonon Uwa Ya Zama Guba?

Magana ce da ke yawo a gidajen suna daga Zangon Agege har Idi-Araba: wai hayaƙin Legas da magungunan ƙwari sun gurɓata nonon mata, gara a yaye jariri a koma madarar gwangwani. Rabinta gaskiya ne, shi ya sa take saurin shiga kunne.

Akwai sinadarai masu naci, irin su DDT, da lindane da aka sani da Gammalin 20, da PCB na tsohon man taransifoma, da dayoksin da ke fita idan an ƙona shara, kamar gobarar bolar Olusosun ta 2018. Ba sa narkewa a ruwa, kitse suke bi, su kwanta a jiki shekara da shekaru. Mai juna biyu tana miƙa su ga ɗan tayi ta mabiyiya, kuma ana samun su a nono. A Taiwan, a 1979, matan da suka ci man girki mai PCB sun haifi jarirai marasa nauyi, masu duhun fata, daga baya fahimtarsu ta yi rauni. Saboda irin wannan aka ƙulla yarjejeniyar Stockholm kan waɗannan sinadarai a 2001, kuma Najeriya na ciki.

Amma batun yaye kuskure ne babba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta soma auna waɗannan sinadarai a nonon mata tun 1987, kuma har yau shawararta ita ce nono zalla wata 6, a ci gaba har shekara 2. Gudawa da ciwon huhu su ne ke ɗauke jarirai nan take, nono kuwa shi ke tare su. Madarar gwangwani fa, da wane ruwa za a dama ta? Dakashi ma kada a zubar, ba datti ba ne.

Kunun kanwa da ruwan jego ba sa wanke wannan guba, tunda a kitse take.

Magungunan ƙwari irin su Fiya-fiya da Sniper ba su cikin masu naci, amma suna taɓa jijiyoyi, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper. Kada a fesa inda mai ciki ko mai jego ke kwana, a kafa gidan sauro. A guji gandar da aka babbake da taya, da wake mai warin magani, a daina hura wutar girki da leda.