Injin niƙa a Anka, Bukkuyum da Gummi: An rage ƙurar dalma, saura haɗarin lantarki

A farkon shekarar 2010, ƙananan yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Dareta da Abare da Sunke na ƙaramar hukumar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru na Bukkuyum. Yaro zai fara amai, sai jijjiga, sai rai ya yi halinsa. Da ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo aka gwada jinin yaran, sai aka gano gubar dalma ce. An ƙiyasta cewa yara aƙalla 400 ne suka rasu.

Silar abin ita ce injin niƙa. Masu haƙar zinare na kawo duwatsu cikin gari, a niƙa su a bushe da irin injin da ake niƙa hatsi, ƙurar ta baɗe tsakar gida inda yara ke rarrafe. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aikin da bai kai ga Bagega ba sai a 2013.

Darasin da aka koya shi ne a fitar da niƙan dutse daga cikin gari, kuma a riƙa yin sa da ruwa. Wani gwaji da MSF ta yi tare da ƙungiyar OK International a arewacin Najeriya ya nuna cewa fesa ruwa yana rage dalmar da ke cikin iska da kashi 95 cikin 100. To amma ruwan da ke kashe ƙura shi ne kuma ke buɗe wa lantarki hanya zuwa jikin mutum. Yanzu da gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a Disamban 2024, bayan ta sa shi a Afrilun 2019, ya kamata a dubi yadda ake haɗa wutar waɗannan injuna.

Ruwa, ƙafa ba takalmi, da wayar da ba a binne ba

Yawancin injunan karkara dizal ne ke juya su. Sai dai a wurare da dama akwai moton lantarki, wato na'urar da ke juya injin ko famfon ruwa, wadda ke shan wuta daga janareta, ko sola, ko layin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda Zamfara ke ƙarƙashinsa.

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, ta layi uku da manyan motoci ke sha kuwa kimanin bolt 400. Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta, jiƙaƙƙiya kuwa ba ta iyawa. Idan robar waya ta cinye a cikin moto, jikin ƙarfen injin gaba ɗaya ya ɗauki wuta ke nan. Mutumin da ke tsaye cikin laka babu takalmi, ya dafa injin, shi ne zai zama hanyar da wutar za ta bi ta shiga ƙasa. Wutar da ba ta isa ta kunna ƙwan fitila irin na da ba tana iya hargitsa bugun zuciya.

Abu biyu ne ke tare wannan. Na farko wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke kira at: a ɗaura ta a jikin moton da na janaretan, a kai ta ga sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa mai danshi. Na biyu bireka mai jin yoyon wuta, wadda ke yanke layi cikin ƙiftawar ido da zarar yoyon ya kai miliamfiya 30. Fis na yau da kullum waya yake karewa daga ƙonewa, ba ya kare mutum. Idan kuma aka maye gurbinsa da kaurin wayar tagulla, ita kanta wayar ba ta da sauran kariya.

Me ke ƙona moto?

Zafi ne babban makashin moto. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce, duk ƙarin zafi na maki 10 bisa abin da aka ƙera moto ya ɗauka yana rage rayuwar koyil ɗinsa da kusan rabi. Ƙurar dutse ko dusar shinkafa da ta toshe fankar baya tana hana shi shan iska. Ƙarancin wuta yana sa shi ja fiye da kima. Idan layi ɗaya cikin uku ya ɗauke, moto zai ci gaba da gurnani har koyil ya gasu, sai dai idan an sa masa na'urar da ke yanke wuta in lodi ya yi yawa. Kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin sake naɗin koyil ba.

Kafin ka sayi moto, karanta farantin da ke jikinsa. Lambar IP55 tana nufin an ƙera shi ya jure ƙura da feshin ruwa. Moto mai buɗaɗɗen jiki bai dace da wurin niƙan dutse ba, komai arharsa.

A Gummi, inda ambaliya ta shiga gidaje a Agustan 2024, masu injin casar shinkafa da na markaɗe suna da ƙarin abin lura. Moton da ya sha ruwa ba a kunna shi don kawai bayansa ya bushe. Sai an buɗe, an busar da koyil, mai gyara ya gwada shi da na'urar mega.

Bel ba ya jiran kowa

Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace sassan inji masu juyawa. Duk da haka, ba wuya ka ga bel da fuli a fili, yara na gilmawa da ƙwaryar niƙa. Hannun babbar riga ko gefen hijabi ya isa ya ja mutum. Murfin raga da mai walda zai haɗa a wuni guda yana maganin wannan. Mai gyara kuma ya kashe wuta, ya zare fis ya sa a aljihunsa, don kada wani ya kunna yana ciki.

Idan wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A kashe janareta ko a sauke layi, in ba hali a ture shi da busasshen itace, sannan a kai shi asibiti ko da ya miƙe da ƙafarsa.

Hukumar NEMSA, da aka kafa da dokar 2015, ita ke da alhakin duba haɗin wuta da tantance masu wayarin. Matsalar tsaro ta sa zuwa ƙauyukan yammacin Zamfara ya yi wuya, don haka nauyin ya fi komawa kan mai inji, da ƙungiyoyin masu haƙar zinare, da sarakunan da suka taimaka aka fitar da niƙan dutse daga cikin gidaje. Su ne za su iya cewa ba a tayar da inji sai an ga wayar ƙasa, da bireka, da murfin bel.