Igwar ruwa mai rimut: Yadda ake saita ta da abin da ya kamata a tanada kafin a saye ta

Duk wanda ya shaida gobarar Babbar Kasuwar Katsina ta watan Maris na 2021, ko ta Kasuwar Sabon Gari da ke Kano a 2016, ya san akwai matakin da wuta kan kai wanda ɗan kwana-kwana ba zai iya kusantar ta da mesa a hannu ba. Zafi na koro shi, kwanon rufi na ruftowa, hayaƙin robobi na shaƙe shi. Domin irin wannan lokaci aka ƙera igwar ruwa, wato ƙaton bakin feshi da ake kafawa a kan mota ko hasumiya, wanda yanzu ake sarrafawa da rimut daga nesa.

Batun ya shafi ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa a kudancin Jihar Katsina, inda ake cika sito-sito da hatsi bayan kaka, tankokin mai kuma ke bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta Sheme da 'Yankara. Matsalar tsaro ta sa jiran ɗauki daga nesa cikin dare ya zama abu mai wuya, don haka kayan aikin da za a ajiye a kusa ya kamata a san amfaninsa da iyakarsa tun kafin a fitar da kuɗi.

Yadda take aiki

Ƙananan injinan lantarki uku ne ke motsa igwar. Na farko yana juya ta hagu da dama, na biyu yana ɗaga ta sama da ƙasa, na uku kuma yana sauya feshin daga miƙaƙƙen ruwa mai cin nisa zuwa yayyafi mai faɗi da ke tare zafi. Wadda ke kan mota tana shan wuta ne daga batirin motar. Mai aikin yakan riƙe rimut mai waya ko marar waya, ya tsaya inda yake ganin faɗuwar ruwan ba tare da zafi ya same shi ba.

Matsakaiciyar igwa kan fitar da kimanin lita 2,000 a minti ɗaya, ta jefa ruwan mita 50 zuwa 60 idan babu iska. Ƙarfin da take turawa baya ya kai kusan nauyin kilo 120, shi ya sa dole a ɗaure ta da ƙarfe mai ƙwari.

Saitin farko

Abu na farko shi ne a yanke mata iyakar juyawa, ta yadda ko hannun mai aiki ya kuɓuce ba za ta feshi kan motar, wayoyin lantarki ko wurin da jama'a ke tsayawa ba. Na biyu, a koya mata mazauninta, wato inda za ta koma ta kwanta kafin mota ta tashi, don kada ta kama waya ko ƙofar gareji. Na uku shi ne kai-komo: ana nuna mata gefe biyu, sai ta riƙa shara tsakaninsu da kanta, abin da ke da amfani wajen jiƙa layin rumfunan da wuta ba ta kai gare su ba.

Bayan haka a haɗa kowane rimut da igwarsa, a kuma gwada abin da za ta yi idan saƙo ya yanke, domin mai kyau tsayawa take yi cak. Yawancin bakunan feshi an yi su ne su yi aiki a kan matsin ruwa na ba 7, kuma ɗaga baki kimanin digiri 30 ne ke ba da nisa mafi yawa. A buɗe bawul a hankali, a rufe a hankali, don rufewar gaggawa na iya fasa bututu. Kowane ma'aikaci ya iya juya ta da hannu, saboda batir na mutuwa, ƙurar hunturu kuma na toshe haƙoran inji.

Lissafin ruwa

Nan ne gizo ke saƙar. Lita 2,000 daidai take da duro 10, ko jarka 80 masu cin lita 25, a minti ɗaya tak. Motar da ke ɗauke da lita 4,000 za ta ƙafe cikin minti biyu. Aikin rabin awa na buƙatar lita 60,000, wato tankokin ruwa shida masu cin lita 10,000.

A ranar 15 ga Afrilu, 2019, da gobara ta kama majami'ar Notre-Dame a birnin Faris na Faransa, an tura wani mutum-mutumi mai suna Colossus ciki da igwarsa bayan shiga ta zama haɗari ga jami'ai. Majami'ar a tsakiyar kogin Seine take, kuma daga kogin aka yi ta zuƙo ruwa. Kasuwar da ba ta da kogi a gefenta tana buƙatar tankin ƙasa, rijiyar burtsatse da injin turawa mai nasa man. Idan daga dam ko kududdufi za a ɗiba, sai an sa rariya a bakin mesa don yashi kada ya ci injin.

Inda ruwa ke ɓarna

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka igwar na zuba tan biyu kowane minti. Wannan nauyi na iya rusa ginin ƙasa, ya kuma ruɓar da masarar da wuta ba ta taɓa ba. Ba a feshin wurin da lantarki ke gudana sai an yanke shi.

Fetur kuwa yana taso kan ruwa, sai ruwan ya kwashe shi da wutarsa zuwa kwata. Kumfa ake yi masa. Idan mai kashi 3 cikin 100 ce, igwar za ta sha lita 60 na sinadarin kowane minti, kuma ana sauke ta ne a hankali ta lulluɓe man. Fashewar tanka a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, wadda ta halaka fiye da mutum 150, ta nuna irin nisan da ya kamata kowa ya ba motar mai da ta faɗi.

Shugabannin kasuwa da ma'aikatan da takardar sayen irin wannan na'ura za ta biyo ta teburinsu su tambayi ɗan kwangila lita nawa take sha a minti, daga ina ruwan zai fito, wa zai horar da ma'aikata, kuma a ina ake samun kayan gyara. Idan kuɗin ba zai kai ga duka ba, a fara da tankin ruwa, a buɗe hanyoyin da rumfuna suka toshe, a gyara wayoyin lantarki. Igwar ta biyo baya, tare da jadawalin gwajin mako-mako da sunan wanda zai sa hannu a kai.