Hayaƙin gawayin ƙasa: mu yi hattara da shi

Itacen girki ya yi tsada, daji kuma yana ƙarewa. Shi ya sa wasu gidaje a birane suka koma ga gawayin ƙasa, wanda ake kira kwal. Ana haƙo shi a Anu Araran, kusa da Cirozerin cikin jihar Agadas, inda kamfanin SONICHAR ya fara ƙona shi a 1981 don samar da wutar lantarki. Gawayin nan yana rage saran itace. Amma hayaƙinsa yana ɗauke da cuta, kuma ya kamata mu san ta.

Mi ke cikin hayaƙin?

Na farko, akwai wata iskar guba da likitoci ke kira kabon monosaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana fitowa idan gawayi yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba. Idan mutum ya shaƙe ta, sai ta kama jini, ta hana shi kai iska mai kyau ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Mai barci yana iya mutuwa bai farka ba. Gawayin itace ma yana fitar da ita.

Na biyu, akwai ƙura mai laushi ƙwarai. Sai an jera ƙwayoyinta wajen 30 kafin su kai kaurin silin gashi guda. Hanci ba ya iya tare ta. Takan shige can cikin huhu, wata ma har cikin jini. A kwana a tashi, tana kawo tari marar jin magani, da ciwon haƙarƙari ga yara, da ciwon zuciya ga manya.

Na uku, akwai farar wuta a cikin gawayin ƙasa. Idan ta ƙone, ita ce ke sa yaji a ido da maƙogwaro, tana kuma tayar wa mai fuka ciwonsa.

Abin da ya sami wasu

Ƙasashen da suka riga mu ƙona gawayin ƙasa sun ɗanɗana kuɗarsa. A birnin Landan na Ingila, cikin watan Disamba na 1952, hayaƙinsa ya gauraya da hazo, ya rufe gari kwana 5. Mutane wajen 4000 suka rasu a ƴan kwanakin nan. A 1956 hukuma ta kafa dokar rage hayaƙi a birane. A kudancin ƙasar Sin kuwa, akwai yankin da mata ke girki da ɗanyen gawayin ƙasa cikin ɗaki. Sankarar huhu ta yi musu yawa, alhali ba su shan taba. Da aka sa wa murahu bututun fitar da hayaƙi, sai cutar ta ragu.

Yaya za mu tsare kanmu?

Mu hura gawayi a tsakar gida, mu yi girki a fili ko a madafa mai taga. Gawayin da aka gasa aka gyara don girki ya fi ɗanye ƙarancin hayaƙi, amma shi ma yana fitar da iskar gubar nan. Uwa ta sauke goyo nesa da murhu, domin jariri ya fi babba saurin numfashi, huhunsa kuma bai yi ƙwari ba.

Babban hatsari yana zuwa da ɗari. Lokacin ne ake shiga da kaskon wuta cikin ɗaki, a rufe ƙofa, a toshe taga. Kada mu kwana da garwashi a ɗaki, ko da ya daina hayaƙi. Mu fitar da shi kafin mu kwanta, mu ƙara bargo.

Idan mutanen ɗaki guda suka tashi da ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, to mu zargi gawayi. A buɗe ƙofa, a fitar da kowa waje, a garzaya da su gidan likita ko da sun ce sun ji sauƙi. A gaya wa likita cewa sun kwana da wuta.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa tun hunturu bai kankama ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya.