Furen da Ke Warin Mushe

Manomin Nasarawo a Gombe da wuta-wuta ta cinye wa dawa ba zai ji daɗin labarin cewa masana na fafutukar ceto wani tsiro mai irin halinta ba. Amma akwai shi, sunansa Rafflesia, a dazuzzukan Indonesiya da Maleshiya da Filifin. Ba ganye gare shi, ba saiwa, ba kara. Zare-zare ne kawai ɓoye a jikin wani tsiro mai yaɗo, dangin inabi, da ake kira Tetrastigma, yana tsotsar abincinsa. Furensa sai ya yi wata da watanni yana ƙunshe kamar kabeji kafin ya buɗe, ja mai ɗigon fari-fari, faɗinsa kusan mita 1, nauyinsa ya kai kilo 10. Warin mushe yake yi, da shi yake janyo ƙudajen da ke kai ƙurar furen namiji ga ta mace. Cikin mako guda ya yi baƙi ya ruɓe. A 1818 Bature Joseph Arnold, na tawagar Stamford Raffles, ya gan shi a tsibirin Sumatara na Indonesiya, kodayake mutanen wurin sun daɗe da saninsa.

To, me za a ci da ceton ɗan ci-ma-zaune? Tambayar tana da hujja, sai dai ta haɗa abubuwa biyu da ba hanyarsu ɗaya ba. Wuta-wuta guda tana zubar da iri dubbai, ya shekara goma a ƙasa yana jira, kuma ta fi bunƙasa inda ƙasa ta gaji. Rafflesia kuwa dangin tsiro ɗaya ya dogara da su, ga shi sai namiji da mace sun buɗe lokaci guda kusa da juna kafin a sami iri. Ba ya taɓa gonar kowa. Inda aka gan shi, dajin na nan da ransa. Inda aka share daji don katako ko gonar kwakwar manja, da shi ake sharewa. Wani bincike na 2023 da masanan Jami'ar Oxford suka shiga ya ƙirga nau'in Rafflesia 42, ya ce 25 na dab da ƙarewa.

Wasu za su ce a dasa shi a lambu a huta. Lambun tsirrai na Bogor a Indonesiya ya gwada, har wani nau'insa ya yi fure a 2010, amma nasarar ba ta yi yawa ba. Muddin ana son furen, dole a bar masa dajinsa.